Makarantun Gundumar McDowell: Masu Ƙasa Daban, Masu 'Ya'ya Daban

A tsakiyar garin Welch, hedkwatar gundumar McDowell da ke jihar Virginia ta Yamma a Amurka, akwai wani bene mai hawa huɗu da aka buɗe a 2022, ana ce masa Renaissance Village. Ƙasansa shaguna ne da ofisoshi, samansa ɗakunan haya. Kafin shi, an fi shekara 50 ba a tayar da sabon bene a garin ba. Wadda ta tsaya kai da fata har aka gina shi ƙungiyar malamai ce ta ƙasa, AFT, tare da abokan tafiyarta, kuma malaman makaranta aka fara yi wa niyya. Duk wanda ya san aikin ƙungiyar ƙwadago ya san rigimar albashi da fansho ne sana'arta. To me ya kai ta gina gidan haya? Amsar wannan tambaya ita ce labarin makarantun McDowell gaba ɗaya.

Gundumar tana can ƙarshen kudancin jihar, cikin tsaunukan Appalachia. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,380, amma kusan duk tsauni ne da kwazazzabo. Garuruwan sun jeru ne a bakin rafuka, layin dogo a gefe guda, titi a ɗaya gefen, gidaje sun matsu a tsakani. Kwal ne ya tara mutane a wurin. A ƙidayar 1950 an sami mutum 98,887, kuma a wancan zamani McDowell na cikin gundumomin da suka fi haƙo kwal a duk Amurka. Welch ta cika har ta batse, ta kai ga hukumar garin ta gina benen ajiye motoci a 1941, irinsa na farko mallakar hukumar gari a ƙasar. A ƙidayar 2020 mutum 19,111 suka rage. Wato cikin kowane mutum biyar, huɗu sun tafi ko sun mutu ba a maye gurbinsu ba.

Injin ne ya fara korar su. Tun shekarun 1950 aka shigo da na'urorin da ke yin aikin ma'aikata da yawa a ramin kwal, kwal na ci gaba da fita, aiki na raguwa. Lokacin da John Kennedy ya zo yaƙin neman zaɓe a 1960, talaucin da ya gani ya tsaya masa a rai. Da ya hau mulki, a McDowell aka fara raba takardun sayen abinci na sabon shirin gwamnatinsa. Ranar 29 ga Mayu 1961 aka miƙa wa wani mahaƙin kwal da ya rasa aiki, Alderson Muncy, da matarsa Chloe takardun dala 95, suka shiga kanti a Welch, abin da suka fara ɗauka gwangwanin wake ne. A 1986 kamfanin U.S. Steel ya rufe mahaƙunsa na garin Gary, sama da mutum 1,000 suka wayi gari ba aiki. A 2016 babban kantin Walmart na Kimball ma ya rufe ƙofa. A cikin wannan hali ne ake tafiyar da makarantun da za mu duba.

Wa ke da iko

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta tafiyar da makarantun firamare da sakandare. Hurumin jihohi ne, su kuma jihohin sun raba aikin ga hukumomin yanki kimanin 13,000. A wasu jihohin ƙauye guda ma yana da hukumarsa. Virginia ta Yamma ta bi wata hanya dabam. A 1933, cikin tsananin karayar tattalin arziki, majalisar jihar ta rushe ƙananan hukumomin makarantu kusan 400, ta ce daga yau kowace gunduma hukuma ɗaya. Gundumomin 55 ne, hukumomin ilimi 55. Ta McDowell ɗaya ce daga ciki.

Mutum biyar ne a hukumar, jama'ar gundumar ke zaɓensu, wa'adinsu shekara huɗu, kuma ba a tsayawa da sunan jam'iyya. Doka ta hana a sami fiye da mutum biyu daga yanki guda na gundumar, don kada mutanen Welch su kwashe kujerun su bar na garuruwan War da Iaeger a baya. Su biyar ɗin nan ne ke ɗaukar babban jami'in ilimi, wanda in za a kwatanta shi da abin da muka sani, ya yi kama da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai dai shi ba gwamna ko ciyaman ke naɗa shi ba, kuma sakandare ma tana ƙarƙashinsa. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, da ɗaukar ma'aikata da sallamarsu, da rufe makaranta ko haɗe ta da wata. A bainar jama'a suke zama, duk mai magana yana iya rubuta sunansa ya tashi ya faɗi abin da ke ransa.

A takarda iko ne mai yawa. Amma in ka bi shi ɗaya bayan ɗaya za ka ga jiha ta riga ta yanke mafi yawansa. Mafi ƙarancin albashin malami, majalisar jiha ke tsayar da shi a doka. Abin da za a koyar da jarrabawar ƙarshen shekara, hukumar ilimi ta jiha ke tsara su, wadda gwamna ke naɗa mambobinta tara, kowanne na shekara tara. Takardar shaidar koyarwa jiha ke bayarwa. Hatta wanda za a fara sallama idan an rage ma'aikata, doka ta tsara. Abin da ya rage a hannun mutum biyar ɗin shi ne wa za a ɗauka da wace makaranta za a rufe, wato daidai abubuwan da ke jawo gaba tsakanin maƙwabta.

Kuma a gundumar da ayyuka suka ƙare, hukumar ilimi na cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata. Direban bas, mai dafa abinci, mai shara, akawu, kowanne gurbi ne mai albashi da inshorar lafiya da fansho. Inda kowa ɗan uwan kowa ne, ba sai an yi dogon bayani ba kan irin matsin da ke kan ɗan hukuma idan aka tallata gurbi guda.

Shekara 12 a hannun jiha

A Yulin 2001 ambaliya ta ratsa kwazazzaban McDowell, ta shiga gidaje da makarantu. A shekarar ne kuma masu binciken ingancin ilimi na jiha suka zagaya makarantun gundumar, suka dawo da rahoto mai muni: gine-gine masu datti da haɗari, ɗaukar ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, malamai na koyar da darussan da ba su da takardar shaidarsu, sakamakon yara a ƙasa. A Nuwamba 2001 hukumar ilimi ta jiha ta karɓe makarantun. Ba a kori zaɓaɓɓun ba, suna nan suna zama, amma an zare musu iko kan kuɗi da ma'aikata da manhaja da gine-gine. Jiha ta turo nata jami'in, Mark Manchin, ɗan wani sanannen gidan siyasa na jihar. Bai gama zama ba wata ambaliyar ta sake aukuwa a Mayun 2002.

Ba a kan McDowell aka fara ba. An yi wa gundumar Logan haka tun 1992, aka yi wa Mingo da Lincoln. Duka gundumomi ne na kudancin jihar, masu fama da talauci.

Abin da jiha ta iya a McDowell, ta yi shi sosai: gini. Da kuɗin hukumar gina makarantu ta jiha, wadda aka kafa a 1989, da kuma na sashen injiniyoyin sojan Amurka mai kula da ambaliya, aka fitar da makarantu daga bakin ruwa aka gina sababbi. An gina Southside a garin War, mai ɗaukar yara daga ajin reno zuwa aji takwas. A 2010 aka buɗe sakandaren River View a Bradshaw, aka rufe Big Creek da Iaeger aka zuba ɗalibansu a ciki. Big Creek ita ce makarantar da Homer Hickam ya yi, yaron garin Coalwood da ya fara harba ƙananan rokoki da abokansa a ƙarshen shekarun 1950, daga baya ya zama injiniya a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Gobara ta cinye ginin a 2015.

Haɗe makarantu tsohon zance ne a nan. A da kusan kowane garin kwal da sakandarensa, kuma har zuwa shekarun 1960 baƙaƙen fata na da nasu dabam, irin su Kimball da Excelsior, domin McDowell na da baƙaƙen fata da yawa da suka zo aikin rami daga kudancin Amurka. A 1978 aka buɗe Mount View a kan wani tsauni da aka sassaƙe kansa wajen haƙar kwal, ta haɗiye Welch da Gary. A 1985 ta haɗiye Northfork, makarantar da ta ci kofin ƙwallon kwando na jiha sau takwas a jere, daga 1974 zuwa 1981. Yau sakandare biyu suka rage a duk gundumar.

Ga mai lissafi a Charleston, babban birnin jihar, wannan daidai ne: gini ɗaya ya fi uku sauƙin riƙewa, kuma malamin kimiyya guda zai ishi yara da yawa. Ga yaron da ke can ƙuryar kwazazzabo kuwa, lissafin dabam ne. Zai tashi da duhu a watan Janairu, ya tsaya bakin hanya cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, bas mai ruwan ɗorawa ta ɗauke shi ta bi siririn titi mai lanƙwasa kamar maciji, ta hau tsauni ta sauka, tana kauce wa manyan motocin kwal da na katako. Ƙa'idar jiha ta ce tafiyar ɗan firamare kada ta wuce minti 30, ta ɗan tsakiya 45, ta ɗan sakandare awa guda, amma tsauni bai san ƙa'ida ba. In bas ta wuce shi, ranar ta tafi, don gidaje da yawa ba mota. In yana son wasan ƙwallo ko ƙarin darasi bayan an tashi, sai ya fara tunanin wa zai mayar da shi gida. In ƙanƙara ta sauka a kan tsauni guda, makarantun gundumar duka ake rufewa.

A 2013 jiha ta mayar wa zaɓaɓɓu ikonsu, a lokacin Nelson Spencer ne babban jami'i. An gyara littattafan kuɗi, an tsaftace hanyar ɗaukar ma'aikata, gine-gine sun yi kyau. Sakamakon jarrabawa kuwa yana nan kusa da inda aka same shi, a ƙasan jerin gundumomi 55. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk labarin. Da rashin iya mulkin 'yan gari ne kaɗai ciwon, da shekara 12 a hannun ƙwararru sun warkar da shi.

Inda kuɗin ke fitowa

Hanya uku ce: harajin kadara na gunduma, kason jiha, da tallafin tarayya. Sai an fahimci yadda na farko da na biyu ke cuɗanya kafin a gane halin da McDowell ke ciki.

Jiha na da wani ma'auni mai matakai bakwai. A farkon watan Oktoba ake ƙirga yaran da ke rajista a kowace gunduma, da wannan adadi ake lissafa kuɗin shekara mai zuwa. Kowane yara 1,000, jiha na biyan albashin malamai ɗan sama da 70, da wani adadi na direbobi da masu dafa abinci da sauran ma'aikata. Sai a ƙara kuɗin sufuri, da na masu ba da shawara da ma'aikatan jinya, da na wuta da ruwa da gyare-gyare, da na inganta koyarwa. In an haɗa jimla, sai a duba nawa harajin kadarar gundumar zai iya kawowa, a cire kaso mafi tsoka na wannan, jiha ta cike ragowar. Gunduma mai arziki ta karɓi kaɗan, matalauciya ta karɓi da yawa.

Wannan tsari bai zo da sauƙi ba. Wata uwa ce a gundumar Lincoln, Janet Pauley, ta kai ƙara a shekarun 1970 bayan ta ga halin da makarantar 'ya'yanta ke ciki. A 1979 kotun ƙolin jihar ta ce ilimi haƙƙi ne na asali a tsarin mulkin jihar, a 1982 kuma Alƙali Arthur Recht ya yanke cewa yadda ake raba kuɗin makarantu ya saɓa wa tsarin mulki, domin yana fifita yaran gundumomi masu dukiya. Tun daga nan Virginia ta Yamma ta zama cikin jihohin da tazarar kuɗi tsakanin gundumomi ba ta yi faɗi sosai ba. Don haka wanda ya ce an hana McDowell kasonta bai faɗi daidai ba. Ana ba ta abin da ma'auni ya ce. Matsalar tana cikin ma'aunin.

Ma'aunin kawuna yake ƙirgawa. Bari mu yi misali. A ce yara 100 sun bar gundumar a shekara guda. Jiha za ta zare albashin malamai bakwai. Amma yaran nan ba daga aji ɗaya suka fita ba: biyu a nan, uku a can, a makarantu daban-daban da azuzuwa 13. Babu ajin da ya zama fanko har a ce malaminsa ya tafi. Bas ɗin da ke ɗauko yara 40 yanzu 36 take ɗaukowa, man da take sha bai ragu ba, direba ɗaya ne dai. Rufin makaranta bai ƙanƙance ba, kuɗin ɗumama ɗakuna a hunturu yana nan. Kuɗin shiga ya ragu, na fita ya tsaya cak. Sai hukuma ta zauna kafin ƙarshen zangon bazara ta fitar da jerin waɗanda za a sallama ko a sauya wa wuri, malamin kiɗa ya koma yawo tsakanin makarantu, in abin ya ci tura a rufe wata firamare. Makarantar da aka rufe kuma takan sa wasu iyayen su tattara su bar garin, shekara mai zuwa a sake lissafi. A farkon shekarun 2010 ɗaliban McDowell sun kai kimanin 3,500. Yanzu sun yi ƙasa da 3,000 nesa ba kusa ba. Ko a 'yan shekarun nan an sake haɗe firamaren Welch da Kimball da Fall River a sabon gini guda.

Sai harajin kadara, inda abin ya fi ban takaici. Tun 1932 tsarin mulkin jihar ya ɗaure yawan harajin da za a iya ɗorawa, ana kuma lissafa shi a kan kashi 60 cikin ɗari na ƙimar kadara. Gidajen McDowell ba su da tsada, da yawa ma an gudu an bar su, abin da suke kawowa kaɗan ne. Dukiyar gaske tana ƙarƙashin ƙasa da kan tsauni: kwal, iskar gas, katako. Su kuma ba na 'yan gari ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin jirgin ƙasa da na filaye daga Philadelphia da New York suka saye tsaunukan. Wani bincike da aka fitar a 2013 kan mallakar ƙasa a jihar ya nuna manyan masu filaye goma kacal ke riƙe da fiye da kashi 60 na filayen da ba na gwamnati ba a McDowell. Daga cikinsu akwai Pocahontas Land, wanda ya daɗe yana ƙarƙashin kamfanin jirgin ƙasa na Norfolk Southern. Dajin da aka yi wa rajistar noman katako harajinsa ƙanƙane ne ƙwarai. Kwal da injinan haƙarsa suna kawo kuɗi, amma ƙimarsu na bin farashin kasuwar duniya, kuma in kamfani ya karye, bashin harajinsa sai ya maƙale a kotu shekara da shekaru. Ashe kasafin makarantar yaro a War yana rataye da farashin ƙarfe a Sin da Indiya, tunda kwal ɗin McDowell irin na narka ƙarfe ne.

Akwai wata ƙofa da doka ta bari. Gunduma na iya neman jama'a su kaɗa ƙuri'ar ƙarin haraji na wa'adin da bai wuce shekara biyar ba, kuma wannan kuɗi jiha ba ta cire shi daga kasonta. Da shi gundumomi ke ƙara wa malamai wani abu a kan albashin jiha, su sayi littattafai, su riƙe ma'aikatan da ma'auni bai biya ba. Nan ne bambancin da Alƙali Recht ya so ya toshe ya sake ɓullowa, don ƙarin haraji a gunduma mai masana'antu da gidaje masu tsada ba ɗaya ba ne da na gundumar da rabin shagunanta ke rufe. A 2022 'yan majalisa suka kawo gyaran tsarin mulki da zai ba su damar soke harajin injina da kayan kamfanoni da motoci, wanda babban kasonsa makarantu ke ci. Jama'ar jihar suka kayar da shi a akwatin zaɓe, tare da wani gyaran da zai sa dokokin hukumar ilimi ta jiha su bi ta hannun majalisa.

Tarayya kuwa, a ƙasa baki ɗaya kusan kashi ɗaya cikin goma take bayarwa, amma a wuri irin McDowell kasonta ya fi haka: kuɗin tallafa wa makarantun talakawa na dokar 1965, da na yara masu buƙata ta musamman, da na abinci. Kowane yaro a gundumar na cin karin kumallo da abincin rana kyauta. Kuɗin korona ya zo da yawa, wa'adinsa ya ƙare a Satumbar 2024. Ga kuma sabon abu: tun dokar 2021 jiha na ba iyayen da suka cire ɗansu daga makarantar gwamnati sama da dala 4,000 a shekara, su kai shi ta kuɗi ko su koyar da shi a gida. Duk yaron da ya fita ta wannan ƙofa, kai ɗaya ne ya ragu a ƙirgen Oktoba.

Malamin da ba ya kwana a gari

Mu koma kan benen Welch. A Disambar 2011 Gayle Manchin, matar Sanata Joe Manchin, wadda a lokacin take hukumar ilimi ta jiha, ta haɗa kai da shugabar AFT, Randi Weingarten, suka kafa wata haɗaka mai suna Reconnecting McDowell. Sun fara da abokan tafiya kimanin 40, kamfanoni da jami'o'i da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati, daga baya suka haura 100. Abin da suka tarar ya wuce batun allo da alli. Kusan rabin yaran gundumar ba sa zaune da iyayen da suka haife su, kakanni ke riƙonsu ko dangi ko gidajen riƙo. Dalili kuwa ƙwaya. Wani ɗan jarida na Charleston, Eric Eyre, ya bankaɗo cewa cikin shekara shida kamfanonin dillancin magani sun zuba ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye miliyan 780 a jihar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, kuma McDowell na cikin wuraren da aka fi mutuwa. A ƙididdigar 2010 matsakaicin tsawon ran namiji a gundumar shekara 64 ne, mafi ƙanƙanta a duk Amurka.

Haɗakar ta yi abubuwa da dama: ta jawo intanet mai sauri, ta raba wa 'yan makarantar tsakiya kwamfuta, ta raba littattafai a gidaje, aka buɗe ɗakunan shan magani a cikin makarantu, motar likitan haƙori na zagayawa. A 2018 kuma McDowell na cikin gundumomi uku da jiha ta fara sa wa kowace makaranta ma'aikaci na musamman, wanda aikinsa shi ne bin sawun yaron da bai zo ba, ya gano ko takalmi ne babu, ko wuta aka yanke, ko kaka ce ke asibiti.

Sai dai duk inda suka juya, maganar malami suke tararwa. Kowace shekara makarantu na buɗewa da guraben da ba a cike ba, musamman lissafi da kimiyya da ajin masu buƙata ta musamman. Sai a sa malamin wucin gadi, ko ɗan fansho da aka roƙa ya dawo, ko a jera yara gaban kwamfuta wani ya koyar da su daga nesa. Sabon malamin da ya gama jami'a yakan karɓi aiki a McDowell don nan ne gurbi yake, amma ya rasa gidan da zai kama haya. Abin kamar almara: gundumar da mutum huɗu cikin biyar suka bari, a ce babu gida. Gidajen suna nan, sun ruɓe ne, wasu ba su da tsarin magudanar bayan gida, wasu ruwan famfonsu ba ya shawuwa, filin da ya dace da sabon gini kuma ko yana bakin rafi ko yana hannun kamfani. Don haka malami ya zauna a garuruwan wasu gundumomi, Bluefield ko Princeton ko Beckley, ya yi tafiyar awa guda ko fiye da safe, ya sake yi da yamma. Da zarar gurbi ya buɗe kusa da gidansa, ya miƙa takarda. McDowell ta horar, wata gundumar ta mora. Wanda ya taɓa ganin malamin da aka tura ƙauye yana zuwa daga birni a kan babur, ya iso ƙarfe tara ya juya da azahar yana neman canjin wurin aiki, ya san wannan labari ko bai taɓa jin sunan Welch ba.

Albashi ma ya taka rawa. A 2018 malaman jihar na cikin mafi ƙarancin albashi a Amurka, ga kuɗin inshorar lafiyarsu na hauhawa. Daga gundumomin kwal na kudu, Mingo da Logan da Wyoming, na kusa da McDowell, aka fara ajiye alli, inda yajin aiki gado ne tun kakanni. Daga 22 ga Fabrairu makarantun gundumomi 55 duka suka rufe, kwana tara na karatu, har gwamnati ta amince da ƙarin kashi biyar cikin ɗari. Malamai sun yi ta haɗa ƙunshin abinci suna kai wa yara a lokacin, don sun san wasu abincin makaranta ne abincinsu. Ƙarin ya shafi kowa daidai wa daida, saboda haka bai ba malami wani dalilin zaɓar Welch a kan Princeton ba.

Me aka samu

Adadin masu kammala sakandare ya tashi. A 2011 kimanin uku cikin huɗu ne ke gamawa, cikin 'yan shekaru ya kai kusan tara cikin goma. Abin a yaba ne, amma a riƙe shi da hankali: a shekarun nan adadin ya tashi a duk Amurka, kuma takardar kammalawa ta fi nuna an riƙe yaro a makaranta fiye da nuna abin da ya koya. Riƙe shi ɗin ma ba ƙaramin aiki ba ne a irin wannan wuri. Jarrabawar jiha da ake yi daga aji uku zuwa takwas, da ta aji 11, ita ce ta ƙi motsi yadda ake so. Mafi yawan yaran McDowell ba sa kai matakin da aka tsayar a karatu, a lissafi abin ya fi muni, kuma gundumar na yawan fitowa a sahun ƙarshe. Rashin zuwa makaranta ya ƙaru bayan korona. Ga wani ƙulli kuma da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: yaron da makaranta ta yi nasara a kansa, mafi yawan lokaci shi ne ke tafiya manyan birane irin su Charlotte ko Columbus ba ya dawowa, 'ya'yansa su shiga ƙirgen wata jihar.

Ni dai ban ga yadda za a auna mutum biyar ɗin nan da ma'aunin da ake auna hukumar gari mai masana'antu ba. Ba su ke yanke albashi ba, ba su ke da ƙasar ba, ba su suka tsara ma'aunin kawuna ba. Wannan bai wanke wanda ya ɗauki ɗan uwansa aiki ba bisa cancanta ba, rahoton 2001 gaskiya ya faɗa. Gundumar Logan ma da aka saki, an sake karɓe ta a 2022, alamar cewa karɓewa da saki na iya zama zagaye. Gyaran da ya fi kusa da hannu yana Charleston: a sa nauyin talauci da nisa cikin ma'auni yadda ya kamata, a kuma ba malamin da ya yarda ya zauna a kwazazzabo abin da zai sa ya zauna. Benen Welch ɗakuna kaɗan ne, ba zai ɗauke ko rubu'in malaman gundumar ba.

A tsakiyar Fabrairun 2025 ruwa ya sake sauka kamar da bakin ƙwarya, kogin Tug Fork ya cika ya shiga Welch, aka yi asarar rayuka, hanyoyi da gadoji suka karye. Makarantu sun yi makonni a rufe. Mount View da ke kan tsaunin da kamfanin kwal ya sassaƙe, ruwa bai kai gare ta ba, can aka kai waɗanda gidajensu suka nutse, aka shimfiɗa musu gadaje, ma'aikatan makaranta na dafa abinci suna raba ruwan sha. Wasu iyalan da suka rasa gida sun koma wurin dangi a wasu gundumomin, da Oktoba ta zo aka ƙirga 'ya'yansu a can.